Motar da Ta Kusa Cika

Ranar da Nafi'u ya je yi wa kakarsa sallama, da sabuwar jakar goyo a bayansa, ya zayyana mata ƙasashen da zai ratsa ta mota har bakin teku, kowacce da ranar shiga da ranar fita. Hajiya Kulu ta daɗe tana fataucin atamfa a waɗannan hanyoyi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "Maigida, ka tsara ranaku kamar kai ka haifi direbobin. Sauke goyon nan ka zauna, in ba ka misali."

Wani saurayi ne, in ji ta, ya sauka da hantsi a tashar wani gari, a ƙasar da ba ya jin harshenta. A gabansa akwai babban kogi, kuma jirgin fito ba ya aiki sai ranar kasuwa, da la'asar yake ɗaurewa. Ranar kuwa kasuwa ce. A tsallaken kogin akwai budurwar da yake so. Danginta za su tashi zuwa wani gari mai nisa washegari, shi kuma ya yi mata alkawarin zai zo ya gaida mahaifinta kafin su ɗaure kaya. Motocin tashar ba ruwansu da agogo, sai sun cika suke tashi. Wadda ya fara shiga ba kowa a ciki sai wata mata da buhun albasa. Ya zauna, gumi ya fara tsattsafo masa, sai ya hango wata motar mai zuwa kogin, saura gurbi ɗaya ko biyu ta cika. Ya suri jakarsa ya koma can. Kusa da shi akwai wani mutum mai jar hula, yana karanta tsohuwar jarida hankali kwance, irin zaman wanda ya san hanya. Fasinjoji suna ta zuwa, amma motar ba ta cika ba. Duk wanda ya shigo, sai wani ya sauka kamar zai sayi ruwa, ba ya kuma dawowa. Saurayin ya ƙirga kawuna, ya sake ƙirgawa, yadda suke ɗazu haka suke yanzu. Ya murje ido, ya ce ko zafin rana ne. Can sai mai jar hula ya naɗe jaridarsa, ya sauka, ya je ya zauna a wata motar. Saurayin ya ce a ransa, wannan ya san abin da ban sani ba. Ya bi shi.

A can ma haka aka yi. Ya bi shi ta uku. Ya nuna masa hanyar kogi da hannu, mutumin ya gyaɗa kai yana murmushi, saurayin ya ji sanyi a zuciya, ya yi abokin tafiya. Ana cikin haka motar farko ta wuce su cike maƙil, buhun albasa a ɗaure a samanta. Ya bi ta da kallo, ya ce ƙila wani garin za ta. Kafin azahar ya rasa gane mota ta nawa yake ciki. Fuskoki sai maimaita kansu suke yi: tsohuwar da ya bari a waccan motar da kwandonta ga ta a bayansa, mai carbin da ya sauka tun ɗazu ga shi a gaba yana gyangyaɗi. Ya rasa ko mutanen garin ne suka cika kama da juna, ko shi ne ya fara zarewa. Daga ƙarshe mai jar hula ya tashi ya yi miƙa, ya karɓi wani abu a hannun ɗan kamasho, ya saƙale jarida a hammata, ya nufi cikin gari a ƙafa. Wani mai shayi da ke ɗan jin Hausa ne ya tausaya wa saurayin. Ya ce masa ai waɗannan zama ne sana'arsu, ana zaunar da su ne don baƙo ya ga mota ta kusa cika ya shigo, kuma mai jar hular nan bai taɓa ganin kogin ba. Sai a lokacin saurayin ya zauna a mota ɗaya har ta cika. Ya isa bakin ruwa rana ta yi ja, jirgin fito yana ɗaure a wancan tsallaken, ɗan mitsitsi. Yana hango 'yan kasuwa suna naɗe rumfuna, mata suna watsewa cikin zannuwa kala-kala, kowacce tana iya zama ita. Ya ɗaga hannu, bai san wa yake ɗaga wa ba.

Hajiya Kulu ta gyara zaman ƙafarta, ta ce, "To ka ji. A ƙasar da ba taka ba, ido yakan yi ƙarya. Ka yi tambaya kafin ka bi mutum, in ka zauna kuma ka zauna. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa."