Kunnen Aro

Bencin da ke ƙarƙashin fanka nasu ne. Tun kafin masu shara su gama, Saja da Kofur sun riga sun zauna a kai, kamar yadda suke yi duk ranar da kwamitin duba tsofaffin sojoji masu rauni zai zauna.

Tsarin ofishin ba shi da wuyar ganewa, imani ne dai ba shi da shi. Akawu zai leƙo ta ƙofa ya kira suna. Wanda ya amsa ya shiga gaban kwamiti, ya faɗi da bakinsa yadda ya ji rauni, a yanke masa hukunci. Wanda bai amsa ba, fayil ɗinsa ya koma ƙasan tuli, sai wani zagayen, bayan wata da watanni. Akawunan ma ba sa daɗewa, yau wannan gobe wancan, ba wanda ya san fuskar wani. Ka ji fa, mutumin da rashin ji ya kawo, shi aka ce ya zauna ya saurari sunansa.

Shi ya sa Saja ba ya zuwa sai da Kofur. Tare suka sha wuyar horo, tare suka kwana a rami, kuma Kofur ne ya saɓo shi a kafaɗa ranar da gurneti ya tashi a cikin tantinsu. Kunnen Saja na dama ya mutu nan take. Na hagu ya rage ɗan kaɗan, sai an kafa masa baki an yi ihu. Likita ya ce tiyata za ta iya ceto shi in an yi da wuri, asibitin soja kuwa ba ya taɓa mutum sai kwamiti ya amince.

Abu ya ɗauki shekaru. Waɗanda suka zo bayansu sun shiga sun fito, wasu kuma an kai su makwanci ba a kira su ba. Kofur bai taɓa fashi ba, ko ana ruwa ko ana rana. Wani lokaci yakan ɗaga hannu ya yi wa akawu magana, sannan ya juyo ya girgiza kai, ya dafa gwiwar Saja. Saja ya haddace ma'anar: yau ma ba da mu ba. Sai tausayi ya kama shi, ga bawan Allah yana ta faɗa da ma'aikata saboda shi.

A motar haya, in za su koma, Saja yakan maimaita abin da zai gaya wa kwamiti, da babbar muryar nan ta wanda ba ya jin kansa.

"Gaskiya zan faɗa musu, mutumina. A rahoto an ce maƙiya ne suka jefo gurnetin, har ka samu lambar yabo. Ni da tsufana ba zan rantse a kan ƙarya ba. Kana wasa da shi ne ya kuɓuce maka, kuskure ne, ni kuma na yafe tun tuni."

Kofur yakan yi dariya ya duba titi. In sun sauka shi yake riƙe masa hannu su tsallaka.

Kunnen hagun kuwa kullum ja da baya yake. Da farko muryar matarsa ce ta ɓace, daga baya ƙarar ƙofa. Jikarsa ta fara magana, kowa a gidan yana dariyar surutunta, shi kuwa sai kallon ɗan bakinta yana motsi. Wannan ya fi komai cin ransa.

Ranar jajiberin wani zaman, 'yarsa mai aikin jinya ta dawo da wata 'yar na'ura kamar ƙwayar wake. Aro ta yi a wurin aiki, jibi za ta mayar. Ta saka masa a kunnen hagu, ta matsa baya.

"Baba, kana ji na?"

Ya ji ta. Ya ji famfo yana ɗiga a tsakar gida, ya ji muryar matarsa ta tsufa ba da saninsa ba, ya ji jikar tana kiransa da wani sunan da bai san ta raɗa masa ba. Tsohon soja ya zauna a bakin gado yana kuka kamar yaro.

Da safe ya jawo hular sanyi ya rufe kunnuwansa. Ya hana kowa faɗa wa Kofur. So yake sai mutumin nasa ya yi wata magana a hankali, shi kuma ya ba shi amsa, ya ga yadda zai zabura. Tun a mota yake danne dariya.

Ashe fankar nan ƙara take yi. Ashe zauren cike yake da tari da tsaki da ƙwanƙwasar sanduna. Saja ya zauna yana ta sauraro, yana jiran lokacinsa.

Ƙofa ta buɗe. Akawu ya leƙo, ya duba fayil, ya kira suna. Sunan Saja ne, cikakke, har da lambar aikinsa. Ya yunƙura zai tashi, sai ya ji hannun Kofur a kan gwiwarsa, ya danne ta da ƙarfi.

Kofur ya ɗaga ɗaya hannun, ya yi magana a natse, da bakin wanda ya saba:

"Yau ma bai samu zuwa ba, ranka ya daɗe. A mayar da shi baya."