Agogon da Ke Cikin Waya

Karo na goma sha ɗaya ke nan wasan da ke wayarsa yana tsaya masa a wuri guda. Ya kwance noti uku, saura ɗaya ya ga cikin agogon, sai rubutu ya rufe fuskar wayar: na gwaji ya ƙare, a saya a ci gaba. Mai gyaran agogo ya ja tsaki, ya kife wayar a kan tebur.

Shekara arba'in yana wannan shagon, kuma duk layin an san shi da abu biyu: kunne mai jin ciwon agogo, da ƙin jinin wasan waya. Autarsa ta fi kowa shan wa'azin. Ta gama karatu ta zo ta tare a gaban kwamfuta, safe da yamma tana latse-latse. Kullum sai ya gaya mata cewa gem aikin wanda ya rasa abin yi ne. Ita kuwa sai ta ce, "To, Baba," ta ci gaba da abinta.

Abin da ba ta sani ba, tela maƙwabcinsa ya lalata shi tun bara. Shi ya nuna masa yadda ake sauke wasanni na gwaji kyauta, mutum ya ɗanɗana, in ya yi masa ya biya. Dattijo ya yi na tuƙin mota, ya yi na noma, ya yi na kamun kifi. Da an zo wurin biya sai ya goge, ya ce ai ya ga gudun ruwansu. Bai taɓa sayen ko ɗaya ba, kuma yana ji da wannan a ransa.

Wannan sabon ne ya yi masa kamun kazar kuku. A can ƙasan jerin wasanni ya tsinto shi, babu wanda ya yaba, babu wanda ya kushe. Wasan wani tsoho ne mai gyaran agogo a ɗan ƙaramin shago. Kafin tsohon ya buɗe agogo sai ya kara shi a kunne. Notunan da ya kwance kuwa, a ramukan tsohon katin magani yake jera su, kowanne da raminsa, don kada su cakuɗe. Har durowar teburinsa cijewa take yi, sai ya buge ta da gwiwa.

"Kai! Wanda ya yi wannan ya san aiki," in ji mai gyaran agogo tun ranar farko. In tsohon cikin waya ya yi mita ya ce yaran zamani ba su da haƙuri, sai ya gyaɗa kai. Ya daɗe bai ga mutum mai hankali irin wannan ba.

Kuɗin wasan bai kai na batirin agogo ba. Matsalar a wani wuri take. Auta ce ta buɗe masa asusun banki, lambar wayarta ta saka, don shi ba ya ganin ƙananan rubutu sai da gilashin aiki. Duk abin da ya saya, wayarta ke fara sani. In ya danna, yarinyar da ya shekara yana yi wa faɗa za ta karanta da idonta cewa ubanta ya sayi gem.

Tela ya leƙo da tef a wuya, ya ga fuskarsa, ya fashe da dariya.

"Malam, ka saya mana ka huta! Ka rame a kan noti ɗaya."

"Da wane ido zan kalli yarinyar nan?"

"To in saya a wayata, ka riƙa zuwa aro."

Allah ya kiyaye. Gara ya haƙura. Ya goge wasan, ya ɗauki agogon wani direba ya yi aiki kamar mutumin kirki. Kafin azahar ya sake sauke shi.

Ranar Asabar auta ta kawo masa abincin rana, ta zauna a bencin baƙi kamar yadda ta saba a watannin nan. Da can ɗaukar hoto take yi, tebur, durowa, agogunan bango, abin da ya ɗauka rashin aikin yi ne. Yanzu ko hoton ta daina. Sati biyu ke nan sai ta duba waya, ta yi ajiyar zuciya, ta mayar jaka. Ya so ya tambaye ta, amma hankalinsa na kan noti na huɗu.

Ya ɓoye wayar a ƙarƙashin tebur, ya rage sauti. Noti ɗaya, biyu, uku. Rubutu ya fito. Zuciyarsa ta ce masa kai dattijo ne, ka ji kunya. Babban yatsansa bai ji wannan maganar ba. Ya shirya ƙarya tsaf, zai ce tela ne ya ari wayar, sannan ya rufe ido ya danna.

Wayar auta ta yi ƙara. Ta duba, ta ɗago a hankali ta zuba masa ido. Ya buɗe baki zai kira sunan tela, sai wayar ta sake ƙara. Ta karanta saƙo na biyu, ta sake karantawa, sai ta yi tsalle har bencin ya kife, tana dariya hawaye na zuba.

"Baba! Sati biyu da na sa wasan nan a kasuwa, duk duniya ba wanda ya saya, sai kai!"