Abin da Ke Cikin Takalmin Wendell

Guntun tsinke ya faɗo hannun Delbert, shi da ya kwashe watanni yana tsara musu yawon matatun giyar burbon na Kentucky. Dokarsu kuwa ba ta da sassauci: wanda ya zari guntu shi ne direba, ko ɗigo ba zai lasa ba.

Haka ya wuni yana shaƙar ƙamshin ganguna yana haɗiyar yawu. Duk matatar da aka jera kofunan ɗanɗano, sai abokansa Wendell da Lonnie su juya masa baya, wai kada ransa ya biya, su juyo da kofuna wayam. Su fito suna layi, su cika mota da waƙa.

"A hankali, tsoho," in ji Lonnie. "Titin nan ya zama biyu."

Da yamma a masauki Wendell ya manta, ya tuɓe dogon takalminsa. Sai ga burbon shaa a kan kafet.

Delbert ya kafe shi da ido.

"Likita ya hana ni tun bara," in ji Wendell.

Lonnie ya sosa ƙeya, ya lallaɓa ya zare nasa, su ma cike da burbon. "Ni kuma na yi wa matata rantsuwa a coci."

"To waƙar fa? Layin fa?"

"Ka sha wahalar shiri," in ji Wendell. "Ba mu so mu ɓata maka tafiya."

Delbert ya daɗe yana duban takalman Lonnie. Sannan ya ajiye makullin mota.

"Giyar nan mai shekara goma sha biyu, a ƙafar dama take ko ta hagu?"