Tulunan Gefen Dama

Tunda ka tambaye ni wace irin shokazoba za ka saka wa motar nan taka mai shiga daji, gyara zama in ba ka misalin wani direba. Shokazoba dai ka san ta, ƙarfen nan mai mai a cikinsa da ke kusa da taya, wanda ke hana mota tsalle in ta faɗa rami.

Direban nan yana da akori-kura, yana ɗaukar kaya daga gari zuwa kasuwannin ƙauye. Mutum ne mai son sanin ƙwaƙwaf, irin wanda ko rediyo ya saya sai ya kwance bayanta ya ga inda mai maganar yake zaune. Wata rana shokazobarsa ta baya ta mutu, dama da hagu, ya tafi wurin mai sayar da kayan mota. Aka fito masa da iri biyu. Ɗaya siririya, ja jawur, sai sheƙi take, har da hoton damisa a kwalinta. Ɗayar kuwa ƙatuwa, baƙa, nauyi kamar taɓarya, ko fentin kirki babu. To, direbobin tasharsu suna da yadda suke gwaji: a cika kwano da ruwa a ajiye a bayan mota, a tuƙa daga bakin shago zuwa shataletale a dawo. In ruwa bai zube ba, kaya ya yi. Aka ɗaura jajayen aka zagaya, ruwa ko motsi. Aka sauke aka ɗaura baƙaƙen, haka nan. Da wani ne, da ya ɗauki wadda ta fi kyau ya kama gabansa, amma shi abin sai ya tsaya masa a rai. In duk ɗaya suke, me ƙatuwar take yi da wannan kaurin? Sai ya ce wa bakanike ya ɗaura masa ja a dama, baƙa a hagu. Bakanike ya ce, "Maigida, ai ba a yi wa mota takalmi wari da wari." Ya ce, "Ɗaura dai, su kara in ga gwani."

A bakin garin akwai wata dattijuwa mai ginin tukwane. Ta daɗe tana gina tuluna tana gasawa, tana tarawa don wata kasuwa can cikin daji, inda rijiya ke da nisa, tulu kuma yake da daraja. Duk aikinta na rani ke nan. Sai ta ɗauki shatar motar direban nan. Ita da kanta ta jera su a bayan motar, ta cusa ciyawa tsakanin kowane tulu da ɗan'uwansa, sannan ta shiga gaba ta zauna. Muddin suna kan kwalta, mota sai sulalewa take kamar kwale-kwale, har dattijuwa ta fara gyangyaɗi. Direba yana ta kasa kunne, bai ji bambancin dama da hagu ba. Can sai kwalta ta ƙare, aka faɗa burji mai gargada, rana kuma ta take tsaka. Da farko lafiya lau. Da tafiya ta yi tafiya, sai gefen dama ya fara ɗan rawa, daga rawa sai tsalle, kamar ɗan akuyan da aka kwance daga turke. Hagu kuwa yana nan daram. Nan ne ya kamata ya tsaya. Amma daɗi ya kama shi, ga amsar tambayarsa tana fitowa, yana so ya ga iyakar inda ja za ta kai. Har ɗan ƙara wuta ya yi. Sai aka fara jin ƙas, ƙas, daga baya. Dattijuwa ta buɗe ido ta ce, "Ɗan nan, wannan ƙarar ba ta ƙarfe ba ce, ta yumɓu ce. Tsaya."

Da ya tsaya, ko kayan bai duba ba, ya zarce ƙarƙashin mota. Ya taɓa ja, ta ƙona masa yatsa, ga mai yana tsiyaya a jikinta kamar hawaye. Ɗan man da ke cikinta ya tafasa, ya tsinke, ya nemi hanya ya fice. Ya taɓa baƙa, ita ma da zafi, amma a bushe take, don man cikinta da yawa, kafin ya tafasa sai an kai wani gari. Ya fito fuska duk ƙasa yana murna, ya ce, "Inna, na gano amfanin kaurin." Tana tsaye a bayan mota ta yaye ciyawa. Tulunan hagu suna nan yadda ta jera su, ko tsaga babu. Na dama kuwa sai tsingaro, wuya a nan, gindi a can. Ta dube shi ta ce, "Ka gano, da tulunana." Ta sa shi ya sauke mata na hagun ɗaya bayan ɗaya a gindin wata tsamiya, ta zauna jiran mai amalanken shanu. Daga ranar ko kasko wata mai ginin tukwane ba ta ƙara ɗora wa motarsa ba.

Saboda haka in za ka saya, kada fenti ya ɗauke maka hankali, kada kuma ka yarda da gwajin bakin shago, don a kan kwalta kowace shokazoba jaruma ce. Nemi direban da ya yi rani da damina yana bin irin hanyar da za ka bi, da irin kayan da za ka ɗauka, ka leƙa ƙarƙashin motarsa ka ga wadda ta rage a bushe. Ai Hausawa sun ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.