Ƙaiƙayin Sarkin Ruwa

To, tunda an damƙa maka hatimin ofishin filaye, kuma ka ce masu neman takardar gini sun hana ka sakat, ajiye biron nan ka ji wani misali.

An yi wani Sarkin Ruwa a wani gari da ke bakin tafki, tsoho siriri, kansa ya fi ƙodago tauri. Dokar garin ita ce ba a ba kowa takardar gini a gangaren tafkin sai shi ya dangwala yatsa. Shi kuwa ba ya dangwalawa sai ya yi gwajin da ya gada wurin mahaifinsa. Ranar da aka sheƙa ruwan sama, sai ya tafi filin da ƙwaryar ƙaiƙayi, ya watsa a kan ruwan da ke gudu, ya bi shi da ƙafa. In ƙaiƙayin ya maƙale a hanya, a yi gini. In ya kai tafki, to duk abin da za a zubar a filin nan wata rana can zai ƙare.

Ana nan sai wani attajiri ya sayi fili a gangaren, zai gina katafaren gidan kaji. Tun kafin takarda ta fito ya jibge bulo da siminti, ya yi wa matasan gari alkawarin aiki. Da ruwa ya sauka wata rana da hantsi, tsoho ya watsa ƙaiƙayinsa a gaban jama'a, kafin rigarsa ta gama jiƙewa ga ƙaiƙayin can yana yawo a kan tafki. Bai ce kada a yi gini ba. Cewa ya yi a matsar da gidan bayan tudu, a haƙa ramin tara kashin kaji, a bar ciyawar bakin ruwa yadda Allah ya tsiro da ita. Attajiri ya ga bayan tudu ya yi nisa da titi, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, takin da manoma ke rububinsa shi ne yau ya zama guba?" Wayonsa na kasuwa ne, bai san tafki ba gona ba ne. In ka ciyar da gona ta ba ka gero. In ka ciyar da tafki gansakuka zai ba ka, da ciyawar kachala, su shaƙe ruwan har kifi ya rasa numfashi.

Nan fa gari ya juya wa tsoho baya. Aka ce mai baƙin ciki ne, aka ce shi ke hana ruwa gudu. Har 'ya'yan cikinsa, da suka sa rai da aikin, suka daina zama cin tuwo da shi, wannan kuwa ya yi masa ciwo ƙwarai. Daga ƙarshe dagaci ya kira shi, aka ajiye takarda da tawada a gabansa, aka ce ya zaɓa, ko yatsa ko rawani. Tsoho bai yi gardama ba. Ya warware rawaninsa a tsanake, ya naɗe, ya ajiye kusa da tawadar, ya ce, "Ranka ya daɗe, rawani naku ne, ga shi. Yatsa kuwa da shi aka haife ni." Ya tashi ya kama hanyar gida da 'yar hularsa.

Aka nemi wanda za a naɗa a cikin masunta, kowa ya noƙe, don duk sun ga inda ƙaiƙayin nan ya nufa. Da attajiri ya gaji da jira, sai ya kwashe bulonsa ya kai garin da ke gaba, su ma suna da tafki. Can kafin shayin da aka ba shi ya huce an buga masa hatimi. Daminar farko ba a ga komai ba sai motocin ƙwai suna wucewa, ana nuna wa tsoho su da baki. Damina ta biyu ruwan can ya yi kore. Ta uku kachala ta cinye gaɓa, kwalekwale ya kasa ratsawa, karfasa da tarwaɗa suka taso ciki sama, shanu suka shinshina ruwan suka juya.

Sai ga dattawan garin can a ƙofar tsoho, wai ya zo da ƙwaryarsa ya taimaka. Da ni ne, wallahi sai sun sha gori. Shi kuwa ya ɗauki ƙwaryarsa, ya bi su. Ya tarar da gini ya kafu, kaji dubbai a ciki, lambatun siminti ya miƙe sak daga katanga zuwa ruwa, ga takardar izini an rataye a bango, babu mai ikon taɓa ko bulo ɗaya. Ya dubi ƙwaryar hannunsa, ya dube su, ya ce, "Wannan kafin a haƙa harsashi ake kiranta." Ya juyo da ƙaiƙayinsa ko tsinke bai zubar ba.

Ba a mayar masa da rawani ba, don masu mulki ba su iya cewa mun yi kuskure ba. Amma ranar buɗe su, wato kamun kifi, a tafkin garinsu, masunta suka jeru a gaɓa da komarsu, 'ya'yansa a cikinsu, ba wanda ya tsoma ƙafa a ruwa sai da tsohon nan mai 'yar hula ya ɗaga hannu.

Saboda haka, kai ma za su zage ka, za su ce ka tare wa gari arziki. Bar su su faɗa. Sharaɗin da ba ka sa ba kafin a ɗora bulon farko, ba ka da ranar sa shi kuma. Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, ran zane.