Ranar da Baba Ya Zare Sakata

Bayan la'asar ne ƙararrawar cocin Katolika da ke bayan gidanmu a Agege ta fara kaɗawa ba ƙaƙƙautawa, alhali ba Lahadi ba ce. Manyanmu sun taɓa ganin rikici, sai suka ɗauka kiran faɗa ne. Aka rufe ƙofar gida, aka tura yara ɗaki, ni kuwa na maƙale wa Baba.

Can aka buga ƙofa. Muryar Bulus ce, Kiristan da ke haya tare da mu.

"Kada ka buɗe, Alhaji," in ji wani maƙwabci. "Ba mu san su wa ya kwaso ba."

"Matarsa da 'ya'yansa na ciki," Baba ya ce, ya zare sakata.

Bulus ya shigo shi kaɗai, da rediyo a hannu, yana dariya. "Alhaji, mun yi sabon Fafaroma!" Da ya ga sanduna a hannun mutane, sai ya kashe rediyon.

"Allah ya taya shi riƙo," Baba ya ce a hankali.

Bara muka binne Baba. Bulus ya tsaya a bakin maƙabarta har muka fito.