Kashin Dila

Wata ɗalibar jami'a ta shimfiɗa farin ƙyalle a gaban mai unguwa, ta juye ƙananan ƙasusuwa a kai. Manoman Tiga, waɗanda suka taru don yanke shawarar zuba wa diloli guba, suka matso.

"Ranka ya daɗe, tun bara nake bin gefen gonaki ina tsintar kashin dila, ina wankewa. Ga abin da na samu a ciki."

"Ƙasusuwan kajinmu ne!" in ji wani manomi.

Ta juya wajen mafi tsufansu. "Baba, duba da kanka."

Tsohon ya daɗe yana jujjuya wani ɗan muƙamuƙi a tafinsa. "Yaushe kaza ta yi haƙori? Wannan ai ɓeran da ke yanke mana shinkafa ne!" Ya ɗaga wani, ya sake ɗaga wani. Duk na ɓeraye.

Daga ranar aka ƙyale diloli suka sake. Da kaka ta zo, shinkafa ta yi kyan da lauje ya yi ƙaranci a garin, sai da aka kwashi tarkunan dila aka kai wa maƙeri ya ƙera musu laujuna da su.